Mangwaron Gonar Aro

Gonar da Zakariya'u yake nomawa a Tungan Gawo ba tasa ba ce, kuma bai taɓa cewa tasa ce ba. Ubansa ne ya gangaro daga arewa a shekarar wata yunwa, da jaki da mace mai ciki. Kakan Alhaji Bashir ya ɗauki sandarsa ya zagaya da shi wani fili a bakin hanyar da ta fito daga Gaya ta nufi Tanda, ya ce masa ya noma ya ci. A gonar aka haifi Zakariya'u, a cikinta ya yi furfura. Ni Alassan, layin gamba ne kawai tsakanin gonata da tasa, saboda haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba.

Aron gona a wurinmu yana da ƙa'ida, ko da yake yaran yanzu suna yi kamar ba su taɓa jin ta ba. Ka noma gero, ka noma dawa, ka kafa bukkar kara, ka ɗaure akuyarka. In an yi girbi ka kai wa mai ƙasa dami, ba don yana jin yunwa ba, sai don ya ga ka san a wurin wa kake zaune. Amma ba ka gina rijiya, ba ka aza tubali, ba ka dasa itace. Giginya da gawo in sun fito da kansu, na Allah ne da mai ƙasa. Itacen da hannu ya dasa kuwa magana ce. Mai dashen yana cewa ya zauna ke nan, shi da jikokinsa. Wanda ya yi haka a gonar aro ya kira mai gona faɗa, ko bai buɗe baki ba.

Zakariya'u ya riƙe wannan ƙa'ida kamar yadda yake riƙe salla. Matarsa Ajuma ce ta ɓata lissafin. Taubashiyata ce, ɗiyar ƙanen uwata, don haka ba ta raga mini ni ma ba na raga mata. Wata damina na ƙetara gamba zan ari wuta, na ga ƙananan mangwaro sun tsiro a bayan bukkarsu, inda take wanke tukwane.

Na ce, "Ajuma, wa ya dasa waɗannan?"

Ta ce, "Jikoki ne suka sha suka yar da ƙwallon."

"Suka yar a jere? Kowane da gurbin ruwansa, kowane da ƙayarsa saboda awaki?"

"Jikokina masu tarbiyya ne. Ba irin naka ba ne, masu jifa duk inda suka ga dama. Ɗauki wutarka ka tafi, kada ta mutu a hannunka ka ce ni na kashe."

Zakariya'u yana zaune a inuwar bukkar yana gyaran ƙotar hauya. Bai ɗaga kai ba. Na san ya ji, ya kuma san na san ya ji. A lokacin tsohon da ya san uban Zakariya'u ya daɗe da rasuwa, ɗansa ma ya bi shi, jikan nan Bashir kuwa ya zama mai manyan motoci a Gaya, ba ya taka gona. In an kai dami, ma'aikatansa ke karɓa su zuba wa tumaki. Zakariya'u ya ga babu mai kallo, ya ga kuma matar da ta haifa masa 'ya'ya ta binne rabinsu ba ta taɓa roƙonsa komai ba, sai ya kau da kai. Da rani Ajuma ta riƙa ɗauko ruwa a ka daga rijiyar gari har gona. Itatuwan suka kama, suka wuce bukka tsawo, suka fara 'ya'ya. In sun nuna takan cika kwando ta zauna bakin hanya ta sayar wa direbobi. Abin da ta mallaka ke nan a duniya, su da tukwanenta.

Gaya kuwa tana ta kumbura. Wanda ya san garin a da, yau sai ya ɓata a cikinsa. Manyan motocin da ke taho da kaya daga Kotonu su haye gada su yi jerin gwano tun daga duwan, inda ake biyan kuɗin fiton kaya, har cikin unguwanni, su kwana a ƙofar gidajen mutane. Mai ciwo ba ya samun hanyar likita, gawa ba ta samun hanyar maƙabarta. Da aka ce hukuma za ta fitar da sabuwar hanya ta zagaye gari, a yi wa motocin babban filin tsayawa a bayan gari, a yanka sauran wurin filaye na gidaje, ban ce ba daidai ba ne. Gari in ya girma dole a san inda kowa zai bi. Sai dai hanya ba a sama take bi ba. Dole ta hau kan gonar wani.

Masu awo suka zo da riguna masu ɗaukar ido, suka kafa turakun siminti. Turakun suka ci gefen gonata. Suka cinye ta Zakariya'u duka, da ta maƙwabcinsa Yunus.

Shi ma Yunus gonar aro ce a hannunsa, daga gida ɗaya. Amma ubansa bai ji kunyar kowa ba: ya gina rijiya, ya dasa lemu da gwaiba har wurin ya zama garka. Da Yunus ya ji cewa masu ƙasa za su samu rabon filaye, sai ya tashi ya ce gonar kyauta ce aka yi wa ubansa, in ba haka ba yaya aka yi aka bar shi ya dasa itace shekara da shekaru ba wanda ya tanka. Magana ta je gaban sarki, ta ƙi mutuwa, ta wuce gidan shari'a.

Ranar wata Juma'a Alhaji Bashir ya zo Tungan Gawo da kansa. Bayan an sauko masallaci ya tsaya a ƙofar gidan Maigari, mutane cike, ransa a ɓace.

Ya ce, "Maigari, duk bakinsu ɗaya. Kakana ya tsamo iyayensu daga yunwa, su kuma suka yi ta dasa mini itace a ɓoye suna jiran irin wannan rana. Yanzu na biyo ta hanya na duba. Har Baba Zakari, wanda nake ganin ko kowa ya yi shi ba zai yi ba, ga mangwaronsa nan sun yi reshe."

Maigari ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a bi a hankali."

Zakariya'u yana nan zaune a kan buzunsa, tsakaninsa da Alhaji bai fi tsawon tabarma ba. Duk ido ya koma kansa. Ya miƙe. Ya naɗe buzun, ya sa takalmi, ya tafi gida.

Washegari da hantsi ina gyaran rumbu na ji sarar gatari daga gonarsa. Na ƙetara. Lokacin mangwaro yana fure, ƙudan zuma sun cika wurin da ƙara. Ya riga ya kayar da na farko, yana kan na biyu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ajuma ta iso da gudu irin na tsofaffi, zanenta a hannu, wata ta kai mata labari.

Ta ce, "Malam, me suka yi maka?"

Ya ce, "Matsa, kada reshe ya same ki."

"Na ce me suka yi maka?"

"An kira sunana a gaban jama'a tare da maciya amana. Ubana bai bar mini gona ba, suna ya bar mini. Shi ma kina so in rasa?"

"To je ka gaya wa Alhaji ni na dasa. Ka ce matarka ce ba ta ji. Ka ce ka ba shi su duka, ya zo ya sha, ya kai wa 'ya'yansa. Sai an sare?"

"In suna tsaye, bakina bai isa ya wanke ni ba."

Ta juyo wurina. "Kai kuma ka zo kallo? Kullum bakinka ba ya hutawa, yau ka zama kurma?"

Na ce, "Ajuma, ƙa'ida ce. Kin san ta tun ranar da kika tona ramin farko."

Ta ce, "Ƙa'idarku ba ta taɓa ɗaukar tulu a ka ba."

Ban hana shi ba, kuma ko yau ba zan ce ya yi laifi ba. Abin da iyayenmu suka koya mana shi ya yi. Tsoho ne, ƙarfi ya ja baya, sai da rana ta karkata sannan ya gama da su. Ajuma ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin bukka ta miƙe ƙafafu tana kallo har na ƙarshe ya faɗi. Sannan ta tashi ta tattara tukwanenta da ke wurin, ta ɗora a ka ta koma cikin gari. Zakariya'u ya faskara rassan ya ɗaure, ya sa aka kai wa Alhaji itacen a amalanke, don ko makamashin bai yarda ya shiga murhunsa ba.

Ba a yi wata guda ba sai ga mutanen hukuma masu tantance waɗanda hanya ta shafa. Shugabarsu wata mace ce, Madam Firdausi, 'yar Dosso, mai magana a hankali. Ta tara mu a ƙarƙashin tsamiyar Maigari ta yi bayani da Hausa, ta maimaita da Zabarmanci. Ta ce mai ƙasa zai samu rabonsa cikin filayen da za a yanka. Wanda kuma ba shi da ƙasa amma guminsa yana tsaye a kanta, ko itacen da ya dasa, ko rijiya, ko gini, za a ba shi wurin noma a fadamar da aka gyara kusa da gulbi, don kada a raba shi da abincinsa. Wanda gero kawai yake shukawa, tun da rani ne babu abin da ido zai gani, sai mai ƙasa ya sa hannu cewa shi ke noma wurin.

Na dubi Zakariya'u. Yana kallon yatsun ƙafarsa.

Aka bi gona gona. A ta Yunus sun daɗe, suna ɗaukar hoton kowane lemu da bakin rijiya, Yunus yana gaba yana nuna musu har da waɗanda suka bushe. Da aka iso ta Zakariya'u babu komai sai karan bara da bukka da ta karkace. Madam Firdausi ta zagaya bayan bukkar ta tsaya a kan kututturan. Saran bai ko yi baƙi ba.

Ta ce, "Baba, wa ya sare waɗannan?"

Ya ce, "Ni ne, ɗiyata."

"Wani ya tilasta maka? In an tilasta maka ka faɗa mini, akwai abin da zan iya yi."

"Ba wanda ya tilasta mini."

"To don me?"

"Gonar aro ce. Ba a dasa itace a gonar aro."

Ta dube shi. Ta ce, "Baba, da a tsaye na same su, yau da na rubuta ka cikin masu fadama. Abin da na tarar a tsaye shi aka ce in ɗauka."

Ajuma tana bayan mata, ba wanda ya san ta biyo mu. Ta ce, "Ɗauki kututturan, ɗiyata. Su ma a tsaye suke, kai ne kawai babu. Haka mai gidan ma yake."

Wasu suka yi dariya, suka kuma haɗiye ta da sauri. Madam Firdausi ta ɗauki hoton kututturan duk da haka, ta ce za ta gwada, amma kada mu dogara da shi. Ta ce hanya mai tabbas ita ce sa hannun Alhaji Bashir, kuma a yi shi kafin su rufe aikin su koma. Maigari ya ce ai duk garin nan shaida ne, tun kafin a haifi Madam mutumin nan yake noma wurin. Ta ce ta yarda, amma shaidar Maigari tana bin bayan ta mai ƙasa ne, ba ta tsayawa ita kaɗai. Ta ce an yi haka ne saboda a wani gari mutane sun yi ta shaidar junansu a kan gonakin da ba su taɓa takawa ba.

Na raka shi Gaya. Muka sauka a tasha muka bi ta tsakanin motoci, hayaƙi da warin man gazuwal, yaran mota suna dafa shayi a ƙarƙashin tireloli, 'yan kabu-kabu suna kutsawa ta ko'ina. Garejin Alhaji yana kusa da duwan. Da ya hango mu ya taso da kansa, ya kama hannun Zakariya'u da hannu biyu, ya zaunar da shi a kujerarsa, ya sa aka kawo ruwan sanyi.

Ya ce, "Baba Zakari, ka kunyata ni. Da amalanken nan ya iso na rasa inda zan sa kaina. Maganar da na yi ranar nan ɓacin rai ne, ka yafe mini. Wallahi da irinka goma ne a ƙasar nan da ba a gina gidan shari'a ba."

Zakariya'u ya ce, "Babu komai, Alhaji. Hakkinka ka nema."

Ya faɗi abin da ya kawo mu. Alhaji ya saurara har ƙarshe, yana juya makullan mota a hannu.

Ya ce, "Baba, wannan ai ba abin roƙo ba ne. Ko yanzu sai in sa. Sai dai aboka, wato lauyan da ke tsaya mini a shari'a, ya ja mini kunne: kada in sa hannu a wata takarda mai sunan wani a kan ƙasar nan sai an gama da Yunus. Ya ce duk abin da na rubuta za a juya shi a kaina. Ka san su da juya magana. Ka ba ni kwana kaɗan. Ranar da aka yanke, kafin in sha ruwa zan sa maka hannu."

Na ce, "Alhaji, matar nan ta ce suna da ranar rufewa."

Ya ce, "Baba Alassan, aikin hukuma ne fa. Yaushe suka taɓa rufe abu ranar da suka faɗa?"

Kafin mu tashi ya roƙi Zakariya'u alfarma, ya zo gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani game da gonakin biyu. Zakariya'u ya ce zai zo, gaskiya ba ta da wuyar faɗa.

A hanyar komawa na ce masa, "Zakari, ka riƙe shaidarka sai ya sa hannu. Hannu da hannu."

Ya tsaya a tsakiyar hanya ya dube ni. Ya ce, "Alassan, in sayar da shaida? Da girmanka?"

Na bar maganar, don ya fi ni gaskiya.

Ya je ya yi shaidar. Ya ce aro ne aka ba ubansa, aro ne aka ba uban Yunus, a shekara ɗaya, daga hannu ɗaya, kuma ya sha ganin uban Yunus yana kai dami. Lauyan Alhaji ya miƙe ya ba alƙali labarin mangwaron, ya ce ga yadda mai aro na gaskiya yake yi, da hannunsa ya sare don ya san ba shi da komai a wurin. Aka rubuta wannan ma. Amma shari'a ba ta ƙare a ranar ba. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, alƙali ya tafi hutu, damina ta sauka. Madam Firdausi ta yi ta kiran Maigari a waya tana tambaya ko an samu sa hannun. Daga baya ta aiko cewa hoton kututturan bai karɓu ba, kuma an umarce su su rufe. Zakariya'u ya noma gonar a wannan daminar, ya yi girbi, ya kai dami.

Sai bayan girbi aka yanke. Ƙasa ta Alhaji ce. Alhaji bai saɓa alkawari ba, a ranar ya sa hannu, ya sa direbansa ya kawo takardar har Tungan Gawo. Muka kai ta Gaya. Buron, wato ofishin da su Madam Firdausi suka zauna, mun tarar an mai da shi shagon sayar da taya. Aka tura mu Dosso. A Dosso wani saurayi mai ladabi ya karɓa ya karanta, ya ce takardar ba ta da aibi ko kaɗan, sai dai fadamar an gama raba ta, kowane taƙi da mai shi, Madam kuma an mai da ita wata jiha. Ya ce a ajiye ta da kyau ko za a yi wani rabon. Bai ce yaushe ba.

Yunus da ya faɗi a shari'a yana cikin waɗanda suka samu fadama, saboda lemunsa da rijiyarsa. Shinkafa yake nomawa yanzu, sau biyu a shekara. In mun haɗu a masallaci yana gaishe ni, ina amsawa.

Da rani katafila ta zo. Ta ture bukkar, ta kankare baƙar ƙasar da uban Zakariya'u da shi suka yi shekara da shekaru suna zuba wa taki, ta tara ta gefe kamar tudu, motoci suka kwashe. Aka zuba jar tsakuwa aka daddaɓe. Layin gamban da ke tsakaninmu ma ya tafi.

Zakariya'u ya shiga neman wata gonar aro. Ya fara da Alhaji. Alhaji ya ce abin da ya rage na kakansu an raba shi tsakanin magada tun da aka ji maganar filaye, kowa ya sa wa nasa turaku, shi kansa ba shi da inda zai nuna. Ya ba shi buhun shinkafa da kuɗin mota. Zakariya'u ya je Tanda wurin dangin uwarsa. Ya je Tunuga wurin wani da suka yi ƙuruciya tare. Ko'ina aka karɓe shi da mutunci, aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi fura. Ko'ina kuma amsar ɗaya ce. Labarin Yunus ya riga shi isa. Ba wanda yake ba da aro yanzu. Mai gona ya gwammace ta kwana da ciyawa da ya sa wani a ciki, gobe hanya ta biyo a ce da shi za a raba. Abokin nasa na Tunuga ya ce masa, "Zakari, ni na san ka. 'Ya'yana ba su san 'ya'yanka ba." Sai haya, ta shekara ɗaya, a biya tun kafin a sa iri, abin da tsoho mai hauya ɗaya ba zai iya ba. 'Ya'yansa maza biyu suna can ƙetaren gulbi suna dako a kasuwar Malanbil, abin da suke aikowa bai wuce na cefane ba.

Na ce ya zo mu raba abin da hanya ta bar mini. Ya zo ya tsaya a bakin gonar ya dube ta, ya dubi yawan bakin da ke gidana, ya ce, "Wannan ko kai ba ta ishe ka ba. Kada mu zama mayunwata biyu."

Ruwan farko ya sauka, gari ya fita shuka. Zakariya'u ya zauna a ƙofar gida. Ruwa na biyu ya sauka, gero ya tsiro a gonakin mutane, aka fara noman farko. Yana jin an ce wani a wani ƙauye yana da saura, sai ya saɓa sanda ya tafi, ya dawo da yamma ƙafafu sun yi fari. A cikin wannan daminar ne aka rufe gada. Motocin da aka yi wa filin suka daina zuwa, 'yan kwangila suka kwashe injunansu. Filin yana nan shimfiɗe, ja wur, ruwa yana kwanciya a kansa, ko ciyawa ba ta fito ba.

Wata safiya na shiga gidansa gaisuwa. Geron mutane ya kai gwiwa a lokacin, duk manomi ya san shuka ta wuce. Muna zaune a zaure sai Ajuma ta fito daga ɗaki rungume da zangarniyar iri, wadda ya zaɓa da hannunsa a girbin bara, dogaye masu cikar ido, ya rataye a rufin ɗaki inda hayaƙi ke kaiwa. Tun ranar saran ba ta cika yi masa doguwar magana ba. Ta ajiye a gabansa.

Ta ce, "Malam, shinkafar Alhaji ta ƙare jiya. Rumbu kuma ka san yadda yake."

Ya ce, "Akwai wani a Tanda da aka ce in koma wurinsa ran kasuwa."

"Ko ya ba ka yau, me za ka shuka ya nuna?"

 Ya ɗauki zangarniya ɗaya ya murza bakinta a tafin hannu, ya hura ƙaiƙayin, ya daɗe yana duban ƙwayar. Irin ubansa ne, wanda ya taho da shi daga arewa, ba a samun shi a kasuwa.

Na ce, "Ajuma, bari in aiko miki da tiya biyu daga gidana. A bar wannan."

Ta ce, "Ka aiko, ba zan ƙi ba. In ta ƙare fa? A bar shi wa? Ɓera?"

Ta faɗe shi ba da faɗa ba. Ta tsuguna a gabansa tana jira.

Zakariya'u ya zuba ƙwayar da ke hannunsa a kan sauran, ya tura mata da hannu biyu.

Ya ce, "Sussuka."

Ta ɗauka ta shiga ciki.  Can aka jawo turmi, taɓarya ta fara sauka. Ya tambaye ni ko ƙafar da ke damuna ta yi sauƙi, na ce da sauƙi. Ya ce a riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Na ce to. Na ɗauki sandata na fito, don noma na biyu yana jirana.